Sharar Masana'antu A Cikin Kankare: Riba Da Sharuɗɗanta

Siminti shi ne ya fi cin kuɗi a cikin haɗin kankare, domin kafin a same shi sai an gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa masana harkar gini suka daɗe suna maye gurbin wani kaso nasa da sharar da masana'antu ke zubarwa.

Iri uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne tokar kwal daga tashoshin wutar lantarki, wadda akan maye kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na siminti da ita. An yi amfani da ita sosai a madatsar ruwa ta Hungry Horse a Amurka, wadda aka kammala a 1953. Na biyu shi ne kashin ƙarfe daga manyan murahun narka tama, wanda idan an niƙa shi yakan maye har kashi 70 cikin ɗari. Na uku kuwa tokar buntun shinkafa ce, kuma ita ta fi kusa da hannun 'yan kasuwar Nijeriya, ganin yadda buntu ke taruwa tsibi-tsibi a injinan casar Abakaliki da Kano da Kabi. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne.

Dalilin amfaninsu shi ne, idan siminti ya haɗu da ruwa yakan saki wani sinadarin farar ƙasa da ba ya ƙara wa gini ƙarfi sosai. Sinadarin silika da ke cikin tokar sai ya haɗu da shi, su zama ƙarin abin ɗauri, ƙofofin kankaren su toshe, ruwa da gishiri su kasa ratsa shi. Wannan na da muhimmanci ga gine-ginen Legas da Fatakwal.

To sai dai akwai sharuɗɗa. Kankaren da aka sa wa tokar kwal ko kashin ƙarfe ba ya saurin yin ƙarfi, don haka sai an tsawaita ba shi ruwa, kada kuma a yi gaggawar cire katako. Haka nan dole a gwada haɗin a ɗakin gwaji, domin ƙiyasin ido kan jawo rushewar gini.

Sharaɗi na biyu shi ne lafiyar ma'aikata. Idan zafin ƙona buntu ya zarce kimanin digiri 700, silikar kan soma ƙanƙarewa, ingancin tokar ya ragu, ƙurarta kuma ta zama mai lahanta huhu har abada. Wajibi ne mai masana'anta ya tanadi takunkumi mai tace ƙura, ya riƙa yayyafa ruwa a wurin aiki.

Ga ma'aikacin da ciwon huhu ya riga ya kama, likitoci kan koyar da atisayen numfashi: ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga biyu, sannan ya tsuke leɓɓa kamar mai hura wuta, ya fitar da ita a hankali yana ƙirga huɗu. Hakan na rage haki, amma ba ya warkar da huhun, kuma ba ya maye gurbin magani.

Saboda haka, mai son zuba jari a wannan fanni ya sa kuɗin gwaji da na kare ma'aikata a cikin lissafinsa tun farko, kafin ya ƙirga riba.