Kwamfutar aljihu da kwamfutar jaka

Yara, ku sani ƙananan kwamfutoci iri-iri ne. Wata tana shiga aljihu, wata sai cikin jaka.

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy. Nauyinta kamar giram 220 ne. Da pil huɗu take aiki, har awa 15 ko fiye. Wasa kawai ake yi da ita.

A 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya ƙera Eee PC, mai buɗewa kamar littafi. Nauyinta kamar giram 920 ne. Tana da maɓallan rubutu, ana shiga intanet da ita. Amma manyan wasanni sun fi ƙarfinta, batirinta kuma awa 3 yake yi ya mutu. In yaro ya ɗauke ta daga Zariya ya je hutu ƙauyen da ba lantarki, can bayan Jiratawa, tun ranar farko wasa ya ƙare! A ƙarshen 2012 aka daina ƙera ta. Yanzu salula ta gaje su.

Tambayoyi
1. Da giram nawa Eee PC ta fi Game Boy nauyi?
2. Wacce za ka ɗauka zuwa Tibiri a ƙasa? Don mi?