Me Ya Sa Sanyin Mota Ke Ɗaukewa In Ta Tsaya?

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke damun direbobi da masu motoci, musamman da bazara. Ga mota tana gudu a kan hanyar Zariya zuwa Kano, na'urar sanyi, watau abin nan da ake ce wa esi, tana aiki sosai. Amma da an shigo gari, an tsaya a danja ko an shiga cunkoso, sai iska mai ɗumi ta fara fitowa. Da mota ta sake miƙa hanya, sai sanyi ya komo. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, wannan ba ƙaramar wahala ba ce.

Da yawa daga cikinmu in haka ta faru sai mu ce, "Ai gas ne ya ƙare." Mu tafi a ƙara mana, mu biya kuɗi, bayan kwana biyu abu ya komo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. To, bari mu fara sanin yadda abin ke aiki tukuna.

YADDA SANYIN KE SAMUWA

Mu tuna da randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi. Shi kuwa ruwa in zai bushe, sai ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Randar da aka ajiye inda iska ba ta kaiwa, ruwanta ba ya sanyi sosai.

Esi ma haka take. Zafin cikin mota take kwashewa, ta zubar waje. Abin da ke ɗaukar zafin shi ne gas, wanda ke zagayawa cikin bututu. Akwai wani famfo a jikin inji, ana ce masa kwamfureso, fambel ne ke juya shi. Shi ke matse gas ɗin har ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi zuwa kondensa. Kondensa wani faffaɗan abu ne mai ƙananan kafofi kamar saƙar zuma, yana gaban lagireto, a can goshin mota. A nan iska ke hura gas ɗin, ya huce, ya zama ruwa. Daga nan sai ya bi ta wata 'yar kafa ya shiga wani ɗan akwati da ke ɓoye a gaban direba. Can ne yake sake zama iska, ya kwashe zafin cikin mota, ya koma wurin kwamfureso.

ABIN DA KE SAKEWA IN MOTA TA TSAYA

Abu biyu ne. Na farko, iskar gudu ta ɗauke. In mota na tafiya, iska na bugun kondensa kyauta. In ta tsaya, ba mai hura ta sai fanka kaɗai. Na biyu, inji ya koma silo. A kan hanya yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya, amma a tsaye bai fi sau 600 zuwa 900 ba. Saboda haka kwamfureso ma ya rage ƙarfi.

In kondensa ba ta sami iska ba, gas ba zai huce ba, matsinsa kuwa sai ya yi ta hawa. Akwai wani ɗan makunni da ke tsaron wannan. In matsi ya yi yawa, sai ya kashe kwamfureso don kada wani abu ya fashe. Nan take sanyi ya ɗauke.

ABUBUWAN DA ZA MU DUBA

Mu fara da mai sauƙi, mu bar mai tsada daga baya.

1. Fanka. Mu tsai da mota a fili, mu cire giya, mu ja birkin hannu, mu bar inji yana aiki. Mu kunna esi, mu buɗe bonet, mu tsaya mu duba. Fanka tana juyawa da ƙarfi? In ba ta motsi, ko tana juyawa a hankali, to, ga laifin nan. Wani lokaci fis ne kawai ya ƙone, ko waya ta saki, ko rile ya lalace. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, ba na mai gas ba. Mu kuma kara takarda a goshin mota. In fanka na daidai, za ta jawo takardar ta manne. In tura ta take yi, an haɗa wayoyinta a juye.

2. Kondensa. Mu kashe inji, mu leƙa. Ƙurar hunturu, da ƙwari, da ƙaiƙayi, da leda duk sukan toshe kafofinta. Mu wanke ta da ruwa a hankali. Kada mu tsokane ta da ƙarfe, gama jikinta ba ya da ƙwari. Ga kuma wani gwaji: inji na aiki, esi na kunne, mu watsa wa kondensa ruwa daga waje. In sanyi ya komo nan da nan, mun san iska ce ba ta isar ta.

3. Zafin inji. Mu dubi allurar zafi. In tana hawa duk sa'ad da mota ta tsaya, abin ya wuce maganar sanyi. Motoci da yawa su ke kashe esi da kansu in inji ya yi zafi. Wanda ya ƙyale wannan, yana iya rasa injin ɗungum.

4. Fambel. In ya saki ko ya tsage, yakan yi santsi, har mu ji yana ƙara. Bakanike zai ɗaure shi ko ya sake sabo.

5. Gas. Sai waɗannan duka sun yi daidai sa'an nan mu zo kansa. Gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, lalle akwai inda yake yoyo. Sau da yawa mukan ga alamar maiƙo a wurin. Mai gyara na ƙwarai zai auna da ma'auni, ya nemo yoyon kamar yadda mai faci ke neman huda a taya, ya gyara, kana ya zuba. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai faɗin irin gas ɗin da yawansa. Ƙaramar mota wajen rabin kilo take ci. In aka zuba ya wuce kima, matsi zai ƙaru, sanyi ya ƙara raguwa.

Gas kuwa iri-iri ne. Motocin dā suna amfani da R-12. Bayan yarjejeniyar da ƙasashe suka yi a Montreal a 1987, don kare rufin sama da ke tare mugun hasken rana, aka daina yin sa. Daga wajen 1994 yawancin motoci suka koma R-134a, sababbi da yawa kuma yanzu R-1234yf suke ɗauka. Ba a gauraya su.

6. Kwamfureso. In ya tsufa, ba ya iya matsa gas a silo sai an taka totur. Shi ne mafi tsada, don haka kada mu yarda a sake shi sai an tabbata sauran lafiya suke.

GARGAƊI

Kada mu kai hannu ko hannun riga kusa da fanka, domin takan tashi da kanta ba zato. Kada mu buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Kada mu kwance bututun gas da kanmu, in ya fesu a ido yana iya makantarwa. Kada mu bar inji yana aiki cikin rufaffen gareji, hayaƙinsa kisa yake yi. Kada kuma mu bar yaro shi kaɗai cikin rufaffiyar mota muna cewa ai esi na kunne. Mun dai ga yadda sanyin ke ɗaukewa a tsaye.

To, jama'a, in mun je wurin mai gyara, mu gaya masa sarai: "Tana sanyi a guje, ba ta yi a tsaye." Mu roƙe shi ya dubi fanka da kondensa kafin ya taɓa gas. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Ina kondensa take, mene ne kuma aikinta?
2. Wane abu biyu ne ke sakewa in mota ta tsaya?
3. Yaya za mu gane fanka na juyawa daidai?
4. In gas ya ragu, me wannan ke nuna mana?
5. Don me ba a barin yaro cikin rufaffiyar mota?