Wace Gona Ce Ke Janyo Gada da Barewa?

Wani mai sauraronmu daga Bugaje, a ƙaramar hukumar Jibiya, ya aiko yana tambaya: wane amfanin gona ne ke janyo gada da barewa zuwa bakin daji?

To, Malam, wake ne kan gaba. Gada ba ta cika cin ciyawa ba, ganye da 'ya'yan itace ta fi so, shi ya sa take bin harawar wake da ganyen gyaɗa, har takan tono dankali. Barewa kuwa takan faɗa wa gero da dawa tun suna ƙanana, bayan shuka. Idan sun yi kara, gada ta samu wurin ɓuya.

Da rani abin yakan koma kan gawo. Wannan itace da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore ya zubo da 'ya'ya, daidai lokacin da daji ya bushe. Ka duba gindinsa da asuba, da gindin aduwa da magarya, za ka ga sawun kofato mai tsaga biyu da kashi kamar na akuya.

Sai dai barewa ta yi ƙaranci ƙwarai a dajin Rugu da na Baban Rafi na jihar Maradi, saboda sarar itace da yawan farauta. Idan farauta za ka fita, muna roƙonka, kada ka harbi mai ciki ko mai shayarwa. Kada kuma ka shiga gonar mutum sai da izininsa, ka nisanci tsakiyar Rugu saboda 'yan bindiga.