Sa Hannun Madugu da Gumin 'Yan Baya

Ɗana, na ji daɗi da ka dage da koyon gogen Turawa a Jamus. An kuma ce bayan kowane wasa kana tsayawa a ƙofar baya, madugun makaɗa ya sa maka hannu a takardar shirin wasan. Ba laifi ba ne. Sai dai ka adana takardun a inuwa, domin rana tana cin tawada. In kuma sayen irinsu za ka yi, ka yi hattara, jabu sun yi yawa: ka tabbatar mutumin ya yi wasa a zauren a ranar da aka rubuta.

Amma ka buɗe takardar nan zuwa shafin ƙarshe. Za ka ga sunaye tamanin ko ɗari da ƙananan baƙaƙe. Su ne makaɗan okestira, kuma cikinsu kake neman shiga. Da wuya a nemi sa hannunsu, alhali ba su, ba kiɗa, kamar yadda waƙar Shata ba ta tashi sai da makaɗan kalangu da 'yan amshi.

Samun kujera a cikinsu ba wasa ba ne. A Amurka, ƙungiyoyi da yawa suna gwada mai nema a bayan labule, har a shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Kunne kaɗai ke hukunci. A okestirar Balin, wadda aka kafa a 1882, makaɗan ne ke zaɓen sabon ɗan'uwansu da ƙuri'a, ya yi zaman gwaji kafin a tabbatar da shi. Madugun ma su ke zaɓensa.

Bayan shiga kuma sai haƙuri. Stanley Drucker ya shiga okestirar New York a 1948 yana ɗan shekara 19, ya busa kilarinet har 2009, wasa sama da 10,000. Jane Little ta yi shekara 71 tana rungume da babban goge a Atlanta, har ta faɗi a kan dandali a 2016, ranar da ta cika. Tsakanin waɗannan shekaru akwai ciwon kafaɗa, da kunnen da ƙarar ƙaho ke ci a hankali, da bita tun safe a zauren da babu mai tafi.

Don haka, ɗana, lokacin da kake ba bita ya fi wanda kake ba layin ƙofar baya. Ka koyi sauraren na kusa da kai, ka sassauta hannu idan kiɗan ba naka ba ne. Ka kula da kunnenka da kafaɗarka tun kana yaro. In ka haɗu da tsohuwar da ke kujerar ƙarshe cikin masu goge, ka gaishe ta da ladabi, ka tambaye ta yadda ta daɗe a sana'ar. Abin da za ta faɗa maka zai yi maka amfani shekara arba'in. Allah ya yi maka albarka.