Wasa da Dariya a Ɗakin Jinyar Yara

Mu da muke jinyar yara a nan ƙasar Haɗejiya, yaron da ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda ya yi shiru. Mai tsala ihu da sauran ƙarfinsa. Amma wanda tamowa ta ci, za ka same shi kwance ido a buɗe, ƙuda ya sauka a fuskarsa bai kore ba, a soka masa allura ko motsi bai yi ba. Irin waɗannan suna yawaita daga tsakiyar damina zuwa kaka, musamman shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, lokacin da mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri da dama suka bar gidajensu suka koma azuzuwan makarantu. Gona ta nutse, ga sauro, ga gudawa, ga uwa ita ma hankalinta ba a kwance ba.

Ranar da irin wannan yaron ya yi murmushi, mu a wurinmu labari ne da muke ba wa juna idan an zo canjin aiki, domin galibi alama ce cin abinci ya kusa dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai 10 na jinyar tamowa mai tsanani, kuma ɗaya daga ciki shi ne a faranta wa yaro rai, a yi masa wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana. Yana nan a rubuce tare da madara da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ne kuma matakin da aka fi tsallakewa, don ma'aikaciya ɗaya mai gadaje fiye da ƙarfinta ina ta ga lokacin wasa?

A wasu ƙasashe faranta wa yara marasa lafiya rai sana'a ce guda. A 1986 wani ɗan wasan barkwanci mai suna Michael Christensen ya fara shiga asibitocin yara a New York ta Amurka da jan hancin roba da farar rigar likita, daga nan abin ya bazu zuwa Turai. A 2005 aka wallafa wani bincike daga asibitin yara na Meyer da ke Florence a Italiya: yaran da masu barkwanci suka raka zuwa ɗakin tiyata sun fi sauran samun natsuwa lokacin da za a sa su barci. Abin da ya ba ni dariya a binciken, yawancin ma'aikatan sun yarda abin yana da amfani, amma suka ce a daina, wai ana tare musu hanya. Na gane su sarai. Mu ma haka muke.

Ba na kiran a sayo mana jan hanci. Yaron ƙauye da ya ga ƙato ya shafe fuska da farin fenti, dodo zai ce, sai mun kwana muna rarrashi. Muna da namu. Muna da 'yan kama, masu juya waƙar kowa ta koma ta tuwo da miya. Muna da 'yan tashe, waɗanda daga goma ga azumi ke bin gida gida. Fada ma ta san amfanin wawan sarki. Har yau a ɗakin maza za ka ga an yi cincirindo a kan waya ɗaya ana kallon marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu tun 2014, mai karaya yana dariya yana riƙe haƙarƙari.

Mafi gwaninta da na gani kuwa wata tsohuwa ce da ta zo jinyar jikanta. Ta zauna bakin gado, ta riƙe haɓa, ta ce: "Haba maigida, haka ake aure? Ka zo ka miƙe ƙafa ka bar ni ba cefane. To wallahi in ba ka tashi ba, wancan na gadon kusa zan aura." Yaron ya juya ido ya kalli kishiyar tasa, ɗan wata tara da robar abinci a hanci, sai bakinsa ya motsa. Uwayen ɗakin duka suka kwashe da dariya, wasunsu rabonsu da ita tun ranar da ruwa ya shigo musu. Akwai kuma wani mai shara da ke hura safar hannu ta roba ta zama kan zakara, ya zana mata ido da biro. Mun sha ɗaura ruwa yaro na kallon zakaran nan bai ankara ba.

Sai dai asibiti ba gidan biki ba ne, kuma duk mai son kawo wannan gudummawa sai ya ji ƙa'ida. A gidan biki ɗan kama yana iya zolayar mai tumbi ko mai sanƙo a yi masa liƙi. A nan ba a taɓa ramar yaro ko kumburin ƙafarsa da sunan raha, ba a kuma karɓar ko sisi daga hannun majinyata. A wanke hannu kafin shiga da bayan fita, kada a ɗauki abin wasa daga wannan gado a kai wancan. Ganga ta tsaya a waje, domin mai cutar tetanus ƙara kaɗan ke sa jikinsa ya sandare. Waƙar tuwo tana da daɗi ga wanda muke lallashi ya ci, amma azaba ce ga wanda aka hana ci saboda tiyatar gobe, don haka a tambaye mu tukuna. Idan yaro ya kau da kai, a ƙyale shi. Batun ɗaukar marasa lafiya a waya a sa a TikTok kuwa, wannan ko kusa. Na kori masu yinsa kuma zan sake.

Ƙungiyoyin matasa da ɗaliban koyon aikin lafiya da ke son gwadawa su fara neman izinin hukumar asibiti da shugabar ɗaki. Mutum biyu sun isa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, an gama zagayen likita, an ba da magani, ba a kai ga na dare ba.