Ciwon Wilson da Maganinsa

A cikin abincin da muke ci kullum akwai sinadarin jan ƙarfe. Kaɗan jiki yake bukata. Abin da ya yi saura, hanta ce take tura shi cikin ruwan matsarmama, ya fita tare da bayan gida.

Akwai mutanen da aka haife su hantarsu ba ta iya wannan aiki. Sai jan ƙarfen ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ya cika hanta, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ciwon Wilson. An sa masa sunan likitan da ya yi bayaninsa a Landan a shekarar 1912, Kinnier Wilson. Ba ciwo ne mai yawa ba, yana samun kusan mutum 1 a cikin 30,000.

Gadonsa ake yi, kamar yadda ake gadon sikila. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, alhali su lafiyarsu ƙalau. Duk cikin da aka samu, akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya zo da ciwon. Auren zumunci yana ƙara wannan haɗari.

Yawanci yakan bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35. Wani ta hanta yake fara masa, idonsa ya yi shawara, cikinsa ya kumbura. Wani kuwa hannu ne zai kama rawa, magana ta harɗe, yawu yana dalala, rubutunsa ya lalace. Yaron da aka sani da natsuwa sai ya koma mai faɗa da saurin fushi. A nan ne ake yin asarar lokaci, domin sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani, jan ƙarfe kuwa yana ta ƙaruwa. Likitan ido yana iya hango wani zobe mai launin ƙasa-ƙasa a gefen baƙin ido. Ana kuma gwada jini da fitsarin yini guda da kwana.

Maganin da aka fi sani sunansa penicillamine. Wani likita ɗan Ingila, John Walshe, shi ya fara ba masu ciwon a 1956. Kafin a samu magani, mutuwa ce ƙarshen mai ciwon. Maganin yana kama jan ƙarfen da ke jiki ya fitar da shi ta fitsari. Ana shan sa ciki babu abinci, awa ɗaya kafin a ci, ko awa biyu bayan an ci.

Ba maganin da za a shiga kemis a saya ba ne. Sai likita ya rubuta, kuma ya riƙa duba jini da fitsari, domin yana iya taɓa ƙoda, ya rage ƙwayoyin jini, ko ya kawo ƙuraje da zazzaɓi. Wasu ma rawar jikinsu takan ƙaru a farkon sha. In haka ta faru a koma asibiti da wuri. Akwai wani maganin, trientine, ga wanda na farko bai karɓe shi ba. Akwai kuma ƙwayar zink, wadda take hana hanji tsotsar jan ƙarfe daga abinci.

Babban kuskure shi ne mutum ya ji sauƙi ya ajiye magani. Shan sa har iya rai ne. Waɗanda suka daina, hantarsu takan lalace, wani lokaci ba a iya ceto su. Mace mai ciki ma ba ta dainawa da kanta, likita ne zai daidaita mata yawan da za ta sha.

Mai ciwon ya guji cin hanta, ya rage cakulan da gyaɗa, musamman a shekarar farko. Idan an gano ciwon a jikin yaro ɗaya, a kai duk 'yan'uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya a gwada su, ko da babu wanda ya nuna alama. Wanda aka fara wa magani kafin ciwon ya bayyana yana iya yin rayuwarsa lafiya lau.