Daga Kunnen Ƙuda Zuwa Makirufo: Yadda Ake Tsamo Murya Ɗaya Cikin Hayaniya

Sau da yawa ɗalibai kan tambayi dalilin da ya sa ake jera makirufo biyu ko fiye kusa da juna wajen ɗaukar sauti, alhali guda ɗaya ma yana ji. Amsar tana jikinmu, domin dalilin da ya sa aka halicce mu da kunne biyu ke nan.

Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya cikin iska. Idan aka kira mutum daga dama, muryar takan riga isa kunnensa na dama kafin na hagu. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, amma da ita ƙwaƙwalwa ke gane inda mai kiran yake. Shi ya sa wanda kunnensa ɗaya ya mutu kan sha wuyar sanin ta inda mota ke tahowa, ko fahimtar zance a cikin kasuwa.

Makirufo ɗaya tamkar mai kunne ɗaya ne. A shekarar 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar ɗaukar sauti da makirufo biyu, wadda ake kira sitiriyo. A yau kwamfuta ce ke yin aikin ƙwaƙwalwa: takan jinkirta abin da makirufo na kusa ya ɗauka har ya yi daidai da na nesa, sannan ta haɗa su. Muryar da ake nema sai ta ƙara ƙarfi, hayaniyar da ta zo daga wasu sassa kuwa ta raunana. Na'urar Amazon Echo ta 2014 makirufo 7 ke cikinta saboda wannan aiki.

Sai dai akwai matsala. Gwargwadon kusantar makirufo da juna, gwargwadon ƙanƙantar tazarar, har ta yi wuyar aunawa. To, yaya za a yi da na'urar taimaka wa ji, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba?

A nan ne ilmin halittu ya kawo gudummawa. Akwai wani ƙuda a kudancin Amurka da Meziko mai suna Ormia ochracea. Macen takan bi kukan gyare da dare domin ta ajiye 'ya'yanta a jikinsa, su ci su girma. Kunnuwanta suna ƙirjinta, tsakaninsu kimanin rabin milimita kacal, duk da haka ba ta kuskure wurin gyaren. A 1995 Ronald Miles da Daniel Robert da Ronald Hoy suka bayyana sirrin: wata 'yar gada ce ta haɗa fatun kunnuwan biyu, idan ɗaya ya yi ƙasa sai ɗayan ya yi sama kamar sikeli, ta haka bambancin ke ninkuwa. Tuni injiniyoyi suka ƙera ƙananan makirufo na gwaji bisa wannan tsari.

Malamai na iya gwada darasin a aji. A rufe wa ɗalibi ido, wani ya tafa hannu daga wurare dabam-dabam, shi kuma ya nuna inda ƙarar ta fito. Sannan ya toshe kunne ɗaya a maimaita. A ƙidaya kuskurensa a kowane zagaye, a rubuta a allo, ɗalibai su bayyana dalilin bambancin da kansu.